HADRAK GARI NE, KU DAINA SAYAR WA IYAYENMU TSORO

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni, rubutun da tsawo. Mai sauri ya wuce, ya dawo da dare in ya samu sarari.

Sati uku ke nan wani odiyo yana yawo a zauren WhatsApp na danginmu. An turo shi ya fi sau biyar. Mai maganar ban san shi ba, kuma ko na san shi ba zan kama sunansa a nan ba. Muryarsa na rawa, ana ɗan kaɗa kiɗa mai sanyi a bayansa, irin wanda ke sa tsigar jiki tashi. Ya ce Allah ya buɗe masa asirin wata kalma a littafin Annabi Zakariya, sura 9 aya 1. Kalmar ita ce Hadrak. Ya ce ba a taɓa yin gari mai wannan suna a duniya ba, suna ne na ɓoye, kuma Iran ake nufi. Sai ya bi sauran garuruwan da ke cikin surar ɗaya bayan ɗaya: Dimashƙu ta faɗi a Disambar 2024, Hama ta faɗi, Taya da Sidon sun sha bama-bamai, Gaza ta zama kufai. Saura Hadrak. Yaƙin kwana 12 da aka yi tsakanin Isra'ila da Iran a Yunin 2025, in ji shi, somin taɓi ne, ranar da Hadrak ta faɗi kuwa duniya ta tashi. A minti na ƙarshe, bayan ya gama tsorata mutane, sai ya karanto lambar asusu. Sau biyu ya karanta, a hankali, don masu rubutawa.

Da abin ya tsaya a nan, da na yi dariya na goge. Amma goggona, gwauruwa mai shekara sittin da ɗoriya, wadda ta yi shekara biyu tana zubin adashi don ta sauya rufin ɗakinta da ke yoyo, ta ɗauki rabin kuɗin kwanon ta tura. Da na kira ta, cewa ta yi, “Ɗana, me za a yi da sabon rufi tun da ga ƙarshe ya zo?” Na ce, “Goggo, damina fa ba ta ji odiyon nan ba, tana nan tafe.” Ta ce in ji tsoron Allah, in daina wasa da annabci.

To, tsoron Allah ɗin ne ya sa na zauna na yi wannan rubutu.

Kafin in shiga, abokaina Musulmi da ke karantawa, ku lura: wannan Zakariyan ba mahaifin Yahaya ba ne. Wani ne daban, ɗan Berekiya jikan Iddo, wanda ya fara annabci a Urushalima a shekara ta 2 ta mulkin Dariyus sarkin Farisa, wato shekara ta 520 kafin haihuwar Almasihu. Kuma kada ku yi saurin gyara zama kuna cewa yau faɗan cikin gida ne na Kirista. Akwai rabonku a ƙasa, ku ci gaba da karantawa.

Abu ɗaya mai odiyon ya faɗa daidai. Sunan Hadrak sau ɗaya tak ya fito a cikin Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya, a wannan ayar. Ba ya cikin Sarakuna, ba ya cikin Tarihi, ba ya cikin Ishaya ko Irmiya. Saboda haka ya daɗe yana ba malamai wahala. Amma tsakanin “sau ɗaya aka ambace shi” da “babu shi a duniya” akwai tafiyar kwana da kwanaki. Ƙauyen kakana sau nawa aka taɓa ambatonsa a jarida? Ko sau ɗaya. Yana nan kuma da masallacinsa da cocinsa da kasuwarsa ta ranar Laraba.

Ku duba yadda surar ta jero sunayen. Hadrak, Dimashƙu, Hamat, Taya, Sidon, Ashkelon, Gaza, Ekron, Ashdod. Duk wanda ya buɗe taswira zai ga hanya ce, ta taso daga Siriya can arewa, ta gangaro bakin teku a Labanon, ta sauka kudu zuwa ƙasar Filistiyawa. Takwas daga cikin taran nan garuruwa ne sanannu, wasunsu har yau da mutane a ciki. Ta yaya na farkon kaɗai zai zama kacici-kacici? In ɗan kamasho a tasha ya ɗaga murya ya ce “Funtuwa, Zariya, Kaduna, Abuja!” kai kuma ba ka taɓa jin Funtuwa ba, hankali ai zai gaya maka gari ne a kan hanyar. Ba za ka ce lallai Indiya yake nufi ya sakaya ba. Iran tana can gabas, nesa da wannan hanya.

Yanzu ga abin da mai odiyon bai gaya wa Goggo ba, ko don bai sani ba, ko don sanin zai ɓata masa ciniki.

A shekarar 1903, wani ƙaramin jakadan Faransa a Halab, garin da 'yan jarida ke kira Aleppo, mai suna Henri Pognon, ya samu gutsattsarin wani baƙin dutse mai rubutu a wani tudu da ake kira Tal Afis, kimanin kilomita 45 daga Halab, kusa da garin Saraƙib a lardin Idlib na yau. Ya wallafa rubutun a 1907. Dutsen yana nan a gidan tarihi na Louvre a birnin Faris, duk mai kuɗin jirgi da biza zai iya zuwa ya tsaya a gabansa. An sassaƙa rubutun da tsohon harshen Aram wajen shekara 785 kafin Almasihu, wato fiye da shekara 250 kafin Zakariya ya buɗe baki. Wanda ya sa aka rubuta shi wani sarki ne mai suna Zakkur, sarkin Hamat da Lu'ash. Sunan birnin da ya ce an naɗa shi sarauta a ciki kuwa Hazrak.

Labarin da ke jikin dutsen ma abin ji ne. Zakkur ya ba da labarin yadda Bar-Hadad ɗan Hazayel, sarkin Dimashƙu, ya tattaro masa sarakuna fiye da goma da rundunoninsu, har daga ƙasashen da yau ke kudancin Turkiyya, suka yi wa Hazrak ƙawanya. Suka tayar da gini da ya ɗara ganuwar garin tsawo, suka haƙa rami da ya fi ramin ganuwar zurfi. Shi kuma ya ɗaga hannu ya roƙi abin bautarsa, masu duba suka kawo masa saƙo cewa kada ya ji tsoro, kuma ya tsira. Wannan Bar-Hadad ɗan Hazayel ba baƙo ba ne ga mai karanta Littafi. Shi ne Ben-hadad ɗan Hazayel da ke cikin 2 Sarakuna sura 13, wanda ya wahalar da Isra'ila. Ke nan mutumin da muke karanta sunansa a coci ya taɓa kai sojoji ya zauna a ƙofar Hadrak. Asiri ake yi wa ƙawanya? Kacici-kacici ake haƙa wa rami?

Dutsen Zakkur ba shi kaɗai ba ne shaida. Assuriyawa, waɗanda daularsu ke arewacin Iraƙi ta yau, mutane ne masu son lissafi. Suna da jerin shekaru a allunan yumɓu, kowace shekara da sunan wani babban ma'aikaci da kuma inda sojoji suka tafi yaƙi. A cikin jerin nan an rubuta cewa an kai yaƙi Hatarikka a shekara ta 772, aka koma a 765, shekarar da aka yi annoba, aka sake komawa a 755. Mai tambaya zai ce, ina aka samo waɗannan lambobi haka daidai? Ai a cikin jerin ne aka rubuta husufin rana, kuma masu ilimin taurari sun lissafa shi ya faɗo ranar 15 ga Yuni, shekara ta 763 kafin Almasihu. Daga wannan turke ake ƙirga sauran, gaba da baya. A shekara ta 738 Tiglat-filesar na 3 ya haɗiye yankin, Hatarikka ta zama lardin Assuriya mai gwamna da haraji. Shi ya sa Zakariya ya ce “ƙasar” Hadrak. Sunan lardi ne da ya zauna a bakin mutane, kamar yadda tsofaffinmu har yau ke cewa ƙasar Gobir ko Lardin Sardauna bayan gwamnati ta daɗe da sauya taswira. Daga 1986 zuwa 2010 masu tonon tarihi daga Italiya, ƙarƙashin Farfesa Stefania Mazzoni, sun yi ta haƙa a Tal Afis, sun fito da haikali da gidaje da tukwane, har yaƙin Siriya ya tsayar da aikin a 2011. Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa tudun nan shi ne Hazrak.

Na san wani zai ce, “Malam, kai ka ce Hazrak da Hatarikka, Littafi kuma ya ce Hadrak, ai ba ɗaya ba ne.” A nan Bahaushe ya fi kowa saukin ganewa. Akwai wani sauti a harsunan can, irin harafin zalun na Larabci, wanda yake tsakanin d da z. Mu ma da ya shigo bakinmu rabuwa ya yi biyu. Muna cewa izini da z, muna cewa ladan da d, alhali duka daga tushe ɗaya suke a Larabci. Tsohon harshen Aram da z yake rubuta sautin, daga baya ya koma rubuta shi da d. Zinariya a Ibrananci zahab ce, a harshen Aram na baya dahab. Haka Hazrak ta zama Hadrak, Assuriyawa kuma suka ji ta da nasu kunnen suka rubuta Hatarikka, kamar yadda Bature ya ji Sakkwato ya rubuta abin da ya rubuta. Wani abin sha'awa ma, sunan sarki Zakkur da sunan Annabi Zakariya daga tushe ɗaya suke, mai ma'anar tunawa, tushen da ya ba mu kalmar zikiri. Wannan na faɗa ne kawai don ya burge ni, ba wani asiri a ciki, kada gobe in ji shi a odiyo.

To daga ina batun Iran ya fito? Mai odiyon ya ce wahayi aka yi masa. Ni kuwa na ce tsohon kaya ne ya tsinta a bola ya wanke.

Tun ƙarni na 2 bayan Almasihu wani malamin Yahudawa, Rabbi Yahuda, ya raba kalmar gida biyu da Ibrananci: had, mai kaifi, da rak, mai taushi. Ya ce Almasihu ake nufi, mai kaifi ga al'ummai, mai taushi ga Isra'ila. Jerom, wanda ya fassara Littafi zuwa Latin wajen shekara ta 400, shi ma ya kawo wannan rabon na kaifi da taushi. A ƙarni na 19 wasu malaman Jamus, Hengstenberg da Keil, suka ɗauki rabon suka ce daular Farisa ce, mai ƙarfi yau mai rauni gobe, kuma annabin ya sakaya sunanta ne don yana zaune ƙarƙashin mulkinta. Farisa ita ce Iran. Ga tushen “wahayin” nan. Su waɗancan malaman ina yi musu uzuri, sun yi hasashe ne lokacin da dutsen Zakkur ke kwance cikin ƙasa. Hengstenberg ya mutu a 1869, Keil a 1888. Wanda ya zo bayan shekara 120 da tono dutsen, da waya mai intanet a hannunsa, ya maimaita hasashen, ya kira shi wahayi, ya ɗora lambar asusu, wane uzuri zan yi masa?

Amma abin da ya fi yi mini daɗi a duk labarin nan shi ne amsar da Rabbi Yahuda ya samu nan take. Akwai wani malami a wurin, Rabbi Yosi ɗan Dormaskit, sunan da ke nufin ɗan mutuniyar Dimashƙu. Tsohon littafin tafsirin Yahudawa da ake kira Sifre ya adana abin da ya faru, Rashi ma ya kawo shi a sharhinsa na wannan aya. Yosi ya tare shi, ya tambaye shi dalilin da ya sa yake murɗe musu nassi, ya kira sama da ƙasa su yi masa shaida cewa shi mutumin Dimashƙu ne, kuma a can akwai wuri mai suna Hadrak. Ku duba fa. Shekara 1,800 da suka wuce, wani ɗan gari ya miƙe a gaban babban malami ya ce a'a, Malam, wannan sunan wuri ne, ni na san wurin. Tal Afis tana arewa da Dimashƙu da kusan kilomita 300, kuma suna kan maimaitu, kowane gari a Arewa da Tudun Wadansa da Sabon Garinsa. Amma hujjar Yosi ita ce ta tsaya: in nassi ya ambaci ƙasa, fara neman ƙasar tukuna kafin ka fasa kalmar kamar gyaɗa. Irin Yosi muka rasa a zaurukanmu na WhatsApp. Kowa sai “Amin” da hoton hannu biyu.

Shi wannan fasa kalma ai ba shi da wuya, ni ma na iya. Habasha: haba, sha! Ke nan annabci ne cewa ƙasar za ta yi arzikin kogi. Kanada: kana da. Shi ya sa suke da kuɗi. Kun yi dariya ko? To wallahi da irin wannan aka raba Goggo da kuɗin kwanonta. Bambancin kawai, nasa da Ibrananci ne, harshen da ba ta ji, sai abin ya yi mata kwarjini.

Zan yi adalci. Akwai sunayen ɓoye a littattafan annabawa. A Irmiya 25:26 da 51:41 akwai Sheshak, kuma Babila ake nufi. Amma wannan yana da ƙa'ida da kowa zai iya gwadawa. Haruffan Ibrananci 22 ne, sai a musanya na farko da na ƙarshe, na biyu da na biyun ƙarshe, haka har tsakiya. B ya zama sh, l ya zama k, sai b-b-l ta koma sh-sh-k. Ƙari a kan haka, a 51:41 Irmiya da kansa ya ambaci Babila a cikin ayar. Na ɗauki takarda na gwada wa Hadrak wannan ƙa'ida, abin da ya fito shi ne s-q-g-l. Farisa kuwa a Ibrananci haruffa uku ce, p-r-s. Ko kusa. Kuma annabawan nan ba sa jin tsoron kiran ƙasar da sunanta. Ezekiyel ya ambaci Farisa ƙarara. Irmiya sura 49 ya yi magana a kan Elam, wadda take kudu maso yammacin Iran ta yau. Ishaya ya kira Sairus sarkin Farisa da sunansa, har ya ce shafaffe ne na Ubangiji, shi ne kuma ya saki Yahudawa suka koma gida. Wannan ɓangaren ba a saka shi a odiyo, ba ya kawo kuɗi.

Ba yau aka fara wannan sana'a ba, kuma ba a ƙasarmu aka ƙirƙiro ta ba. A Ezekiyel 38 akwai kalmar rosh, wadda ke nufin kai ko shugaba, 'yar uwar ra'is ta Larabci. Aka ce Rasha ce. Meshek aka ce Mosko, Tubal aka ce Tobolsk. Wani Littafi mai sharhi na Scofield da aka buga a 1909 ya yaɗa wannan a Amurka, Hal Lindsey ya sayar da miliyoyin kwafi da shi daga 1970, Pat Robertson ya fito a talabijin a Fabrairun 2022 ya ce Allah ne ke tura Putin. Alhali allunan Assuriya ɗin nan dai sun san Mushki da Tabal, al'ummai ne a ƙasar Turkiyya ta yau. Mosko sai 1147 aka fara ambatonta a rubuce, Tobolsk kuwa a 1587 aka kafa ta. A Ishaya 49:12 akwai Sinim, aka ce ƙasar Sin ce, sai da aka samu tsohon naɗaɗɗen littafin Ishaya a kogon Kumran a 1947, rubutunsa ya nuna Aswan ce ta kudancin Masar. Harold Camping ya sa wa duniya ranar 21 ga Mayu 2011, mutane suka bar aiki suka ƙarar da ajiyarsu. Ranar 22 rana ta fito.

Yanzu rabonku, 'yan uwana Musulmi. Arewa da Halab, kimanin kilomita 40, akwai wani ƙaramin gari mai suna Dabiƙ, wanda sunansa ya zo a hadisi a kan yaƙin ƙarshen zamani. Ƙungiyar IS ta kama garin a 2014, ta sa wa mujallarta sunansa, ta riƙa kiran matasa daga ko'ina cewa ga wurin, ga lokacin, ku zo. Matasa suka tafi suka mutu. A Maris 2015 Boko Haram ta yi musu mubaya'a, ke nan wutar ta taɓa mu har gida. A Oktoban 2016 aka kore su daga Dabiƙ ba tare da wani babban gumurzu ba, kafin nan ma sun riga sun sauya wa mujallar suna. Ban taɓa hadisin ba, wannan aikin malamanku ne. Abin da nake nunawa shi ne dabarar iri ɗaya ce: a ɗauki sunan wuri daga nassi mai tsarki, a manna shi a kan labaran yau, a ce wanda ya yi tambaya ba shi da imani. Wani kuɗi yake karɓa, wani rai. Abin mamaki, Dabiƙ da Tal Afis ba su kai tafiyar awa biyu a mota ba in hanya lafiya.

Sai batun “ga shi yana cika a idonmu.” Eh, 'yan tawaye sun taso daga Idlib ranar 27 ga Nuwamba 2024, sun kama Hama ranar 5 ga Disamba, sun shiga Dimashƙu ranar 8, Assad ya gudu Mosko. Amma wannan hanya ita ce hanyar. Duk rundunar da ta taso daga arewa ta nan take bi, don ƙasar haka Allah ya shimfiɗa ta, teku a yamma, hamada a gabas. Dimashƙu ta faɗi a hannun Tiglat-filesar a 732. Ta faɗi a hannun mutanen Iskandar Mai Girma a 333, shi kuma ya gangara ya karɓi Sidon, ya yi wa Taya ƙawanyar wata bakwai a 332, ya yi wa Gaza ta wata biyu, abin da ya sa masu sharhi da yawa ke ganin tafiyarsa a cikin wannan sura. Ta faɗi a hannun Mongol a 1260, Taimur a 1401, Turkawa a 1516, Faransawa a 1920. Kowane karo akwai wanda zai iya buɗe Zakariya 9 ya ce ƙarshe ya zo. Kowane karo kuma washegari mata sun fita neman ruwa, an gyara rufi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba kuɗin Goggo ba ne. Kuɗi a nema a samu. Abin da ya ƙona mini rai shi ne abin da wannan karatu ke yi wa zuciya. Na ga mutanen da na sani, masu kirki, waɗanda ba za su iya yanka kaza ba, suna rubuta “Annabci ya cika, halleluya” a ƙarƙashin hoton yara da aka zaƙulo daga ɓaraguzai a Gaza. Da zarar ka mayar da gari alama, mutanen cikinsa sun daina zama mutane a idonka, sun zama lambar agogo. Filistiyawan da Zakariya ke magana a kansu tuni sun narke cikin tarihi, Nebukadnezzar ya rushe Ashkelon tun 604 kafin Almasihu. Waɗanda ke Gaza yau wasu ne, kuma a cikinsu har da Kirista. Ranar 19 ga Oktoba 2023 harin sama ya faɗa harabar cocin Forfiriyus a Gaza, mutum 18 suka mutu cikin waɗanda suka fake a ciki. Su ma halleluya za mu ce? Saraƙib kuwa, maƙwabciyar tudun Hadrak, an jefa mata iskar guba ranar 4 ga Fabrairu 2018, hukumar hana makamai masu guba ta duniya ta tabbatar. An gwabza a kanta a farkon 2020 har ta zama kango, don tana mahaɗar manyan hanyoyi biyu. Mutanen da ke noma zaitun da alkama a ƙasar Hadrak ta gaskiya sun yi shekaru a tantuna. Mai odiyon bai roƙa musu ko addu'a ba, ya ma ce ƙasarsu babu ita.

Kuma da ya karanta surar zuwa gaba, da ya ji kunya. A aya ta 5 ya tsaya, inda tsoro yake. Aya ta 7 ta ce ragowar Filistiyawan ma za su zama na Allah, su zama kamar dangi a cikin Yahuza. Aya ta 9 ita ce wadda muke karantawa kowace Lahadin Dabino, sarkin da ke zuwa da tawali'u a kan jaki. Aya ta 10 ta ce za a kawar da karusa da dawakin yaƙi da baka, har daga Urushalima kanta, a yi wa al'ummai maganar salama. Surar da ke maganar ajiye makamai ita aka mayar ganga ta kiran yaƙi. Wanda ya yanke nassi a tsakiya don ya dace da lambar asusunsa, ni ban san sunan da zan kira shi ba in ba ɓarawo ba.

Fastocinmu da suka yi makarantar tauhidi, da ku nake. Duk abin da na rubuta a nan yana cikin ƙamus ɗin Littafi da ke kan teburinku, kun fi ni saninsa. Kuna cikin zaurukan nan, kuna ganin odiyon yana wucewa, kun yi shiru don kada a ce kuna kashe Ruhu, ko don mai turowar dattijuwa ce a zumuntar mata. Shirunku ne kasuwarsa. Minti biyar bayan sanarwa ranar Lahadi ya isa a ce, “Iyaye, Hadrak lardi ne a arewacin Siriya, kada kowa ya tura kuɗi.”

Wanda yake ganin na yi kuskure, sashen sharhi a buɗe yake. Ya zo da aya, ya zo da dutse, ya zo da shekara, mu tattauna cikin mutunci. Wanda zai zo da “kada ka taɓa shafaffe na” kuwa ya fara gaya mini sunan shafaffen da cocin da ya naɗa shi, don odiyon bai faɗa ba, sunan banki kawai ya faɗa.

Mun kira lambar da ke haɗe da saƙon, a kashe take tun makon jiya. Ni da 'yan uwa mun haɗa abin da ya sawwaƙa, saura bandir biyu na kwano. Na tura wa Goggo hoton dutsen Zakkur, ta daɗe tana kallo, ta ce, “To shi wannan sarkin, ya tsira dai ko?” Na ce ya tsira, Goggo. Ta ce to madalla, in gaya wa kafinta ya zo ranar Asabar.